Matsalar samun wuraren binciken kifin shak

A babban taron ƙasashen da suka sanya hannu kan yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, wanda aka gudanar a birnin Samarkand na ƙasar Uzbekistan a ƙarshen shekarar 2025, wakilai sun amince da haramta cinikin wasu nau'o'in kifin shak tsakanin ƙasa da ƙasa, ciki har da wanda ya fi kowane kifi girma a duniya. Shekaru uku kafin nan, a taron da aka yi a Panama cikin watan Nuwamban 2022, an sanya wasu nau'o'i kimanin 60 cikin rukunin da ba za a fitar da su daga wata ƙasa ba sai hukumar kimiyya ta ƙasar ta ba da shaidar cewa cinikin ba zai kassara su ba.

To sai dai irin wannan shaida ba ta samuwa a zauren taro. Kafin wata hukuma ta ce kama kifi kaza ba zai yi illa ba, tilas ne a san nau'in kifin da ke ruwanta, da yawansa, da shekarun da yake kaiwa kafin ya fara haihuwa, da kuma wurin da yake renon 'ya'yansa. Duk wannan na buƙatar masana su kai hannu ga kifin su ɗebi samfur daga jikinsa. A nan ne kuma matsalar take, domin samun wurin da ya dace a yi wannan aiki ya zama ɗaya daga cikin manyan wahalhalun da masu nazarin halittun teku ke fama da su.

Dalilin damuwa

Akwai nau'o'in kifin shak sama da 500 a tekunan duniya, kuma idan aka haɗa da danginsa masu faɗin jiki, adadin ya haura 1,200. Duk da kaurin sunan da ya yi wajen kai wa mutane hari, waɗanda yake kashewa a duniya baki ɗaya ba su cika wuce goma ba a shekara. Amma wani bincike da mujallar Science ta wallafa a shekarar 2024 ya nuna cewa adadin kifayen shak da kamun kifi ke halakawa ya tashi daga miliyan 76 a shekarar 2012 zuwa miliyan 80 a shekarar 2019. Wani binciken kuma na mujallar Nature a shekarar 2021 ya ƙiyasta cewa yawan waɗanda ke zaune a tsakiyar teku, su da danginsu, ya ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga shekarar 1970. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta bayyana cewa kimanin kashi ɗaya cikin uku na dukkan nau'o'in na fuskantar barazanar ƙarewa.

Abin da ya sa kifin ba ya jure wa yawan kamu shi ne yanayin haihuwarsa. Akasarin kifaye kan saki dubban ƙwai a lokaci guda, alhali nau'o'in shak da dama haihuwa suke yi kamar dabbobin tudu, 'ya'ya kaɗan bayan dogon ciki, kuma wasu sai sun shekara goma ko fiye kafin su balaga.

Sanin waɗannan abubuwa ya dogara ne kan samfur. Daga ɗan yankin fiffike ake tantance nau'in kifi da danginsa ta hanyar ƙwayoyin halitta na DNA. Daga ƙashin baya ake ƙirga shekarunsa, saboda yana da zobba kamar na kututturen itace. Abin da ke cikin tumbinsa kan nuna abincinsa, tsokarsa kuma kan nuna yawan guba irin ta zaiba da ta taru a jikinsa. A shekarar 2016, nazarin idanun kifaye mata 28 da suka faɗa cikin ragar masunta a yankin Greenland ya nuna cewa nau'in da ke can na iya rayuwa aƙalla shekaru 272.

Abin da ake nema a wuri

Ba kowane bakin teku ne ke zama wurin bincike ba. Mai nazari na buƙatar wurin da zai sami kifin da yawan da zai isa a yanke hukunci a kansa, a lokacin da za a iya hasashe, kuma a inda ƙaramin jirgi zai iya kaiwa ya dawo. Yana buƙatar ƙanƙara ko sinadarin adana samfur, da izinin hukuma, da amincewar mutanen wurin, da kuma tabbacin cewa zai iya komowa shekara bayan shekara.

Wuraren da aka fi kwaɗayi su ne inda kifin ke haihuwa da renon 'ya'ya, galibi a ruwa maras zurfi kusa da gaɓa. A shekarar 2007 wasu masana, ƙarƙashin jagorancin Michelle Heupel, suka gindaya sharuɗɗa uku kafin a kira wuri da wannan suna: a riƙa samun ƙananan kifayen a can fiye da sauran wurare, su riƙa daɗewa a wurin, kuma su riƙa amfani da shi shekara da shekaru. Sharaɗi na uku kawai ya isa ya nuna cewa ziyarar mako biyu ba ta wadatarwa.

Tsibirin Bimini na ƙasar Bahamas, mai nisan kimanin kilomita 80 daga birnin Miami na Amurka, shi ne misalin da aka fi bayarwa. Marigayi Samuel Gruber ya kafa cibiyar bincike a can a shekarar 1990, kuma bayan kusan shekaru 20 ana kama 'ya'yan wani nau'in shak ana yi musu alama ana saki, aka tabbatar da cewa matan kan komo wurin da aka haife su domin su ma su haihu. Amma Bimini ta haɗa abubuwan da ba kasafai ake samunsu a wuri guda ba: ruwa garau, kusanci da jami'o'in Amurka masu kuɗi, da gwamnatin da ta hana kamun kifi da dogon layin ƙugiyoyi tun shekarar 1993, sannan ta haramta kamun shak don kasuwanci a ruwanta baki ɗaya a shekarar 2011.

Wuraren da suka wayi gari babu kifi

Ko da an dace da wuri, babu tabbas zai ɗore. Mashigin False Bay da ke kusa da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya yi suna a duniya wajen nazarin babban farin shak. Tsakanin shekarar 2010 da 2016, masu gadin gaɓar teku kan hango shi sau kimanin 200 a shekara. A shekarar 2018 adadin ya faɗo zuwa 50, a 2019 kuma ba a ga ko guda ba. Wasu masana sun ɗora alhakin a kan wasu manyan dabbobin teku biyu, daga nau'in da ake kira oka, waɗanda suka ƙware wajen farautar shak suna cinye hantarsa, musamman bayan da igiyar ruwa ta fito da gawarwaki biyar a yankin Gansbaai a shekarar 2017. Wasu kuma na ganin kamun ƙananan kifayen da farin shak ke ci ne ya kore shi. Ko ma dai mene ne dalili, binciken da aka shafe shekaru ana ginawa a wurin ya rasa abin da aka gina shi a kai.

Wani gagarumin shiri mai suna Global FinPrint ya nuna faɗin matsalar. Daga shekarar 2015, masana sun riƙa nutsa kyamarori ɗaure da abincin da zai jawo kifi a duwatsun murjani 371 cikin ƙasashe da yankuna 58, suka ɗauki hoton bidiyo na sama da sa'o'i 15,000. Sakamakon da aka wallafa a shekarar 2020 ya nuna cewa a kusan kashi 20 cikin 100 na wuraren ba a ga shak ko guda ba. A wurare shida, ciki har da Kenya da Katar da Biyetnam da Jamhuriyar Dominika, kifaye uku kacal aka gani cikin sama da sa'o'i 800.

Wannan ya jefa masu bincike cikin tsaka mai wuya. Ɗalibin da ke da kuɗin aikin shekara biyu ko uku ba zai so ya tafi inda zai kwashe watanni bai kama komai ba, saboda haka sai ya nufi inda kifin ke da yawa, wato inda tuni ake ba shi kariya. Ta haka ne bayanai ke ƙara taruwa kan ruwan Amurka da Ostireliya da Bahamas da Afirka ta Kudu, yayin da wuraren da ake kashe kifin da yawa ke ci gaba da zama cikin duhu.

Takardu, kuɗi da tsaro

Baya ga ƙarancin kifin, akwai batun izini. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 1982 ta bai wa kowace ƙasa ikon amincewa ko ƙin amincewa da binciken kimiyya a cikin mil 200 daga gaɓarta, kuma ta tanadi a gabatar da bayanin aikin watanni shida kafin a fara. Yarjejeniyar Nagoya, wadda aka cimma a Japan a shekarar 2010 ta kuma fara aiki a 2014, ta wajabta neman yardar ƙasa kafin a yi amfani da ƙwayoyin halittar da aka ɗebo daga cikinta, tare da raba amfanin da aka samu. Ita ma yarjejeniyar CITES ba ta ware masana ba, domin ɗan yankin fiffike da bai kai farce ba, idan na nau'in da ke cikin jerinta ne, sai da takarda zai tsallaka iyaka.

Masu bincike na kukan cewa takardun kan ci watanni, har lokacin haihuwar kifin ya wuce. Ƙasashe masu tasowa kuwa na da nasu dalilin. Shekaru da dama masana daga ƙasashe masu arziki na zuwa su ɗebi samfur su tafi, su wallafa sakamako ba tare da sunan ko mutum guda daga ƙasar ba. Wani nazari na shekarar 2021 kan binciken murjani ya gano cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na rubuce-rubucen da aka yi aikinsu a Indunusiya da Filifins ba su da marubuci ɗan ƙasa.

Sai kuma kuɗi. Na'ura guda da ake liƙa wa kifi ta riƙa aika bayanin tafiyarsa ta tauraron ɗan Adam kan ci dubban daloli, hayar babban jirgin bincike na yini guda kuwa ta fi haka nesa. Shi ya sa ƙasashen Afirka da dama ke dogara kan jirgin Dr Fridtjof Nansen na ƙasar Norway, wanda ke aiki tare da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun shekarar 1975, kodayake an fi amfani da shi ne wajen ƙiyasta kifayen da ake ci yau da kullum.

Rashin tsaro ma ya rufe wasu wuraren. Gaɓar Sudan a Bahar Maliya na daga cikin wuraren da suka yi suna da garken shak mai kai kamar guduma, kuma hukumar UNESCO ta sanya yankunan Sanganeb da Dungonab cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2016, amma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya sa zuwa can ya yi wuya. A Mashigin Tekun Gini kuwa, mutum 130 daga cikin ma'aikatan jiragen ruwa 135 da aka sace a duniya a shekarar 2020, a wannan yanki aka sace su. Fashin ya ragu matuƙa daga baya, amma ya riga ya hana masu bincike da dama kusantar yankin na tsawon shekaru.

Giɓin Afirka ta Yamma

Binciken mujallar Science na shekarar 2024 ya ambaci gaɓar Afirka ta Yamma cikin yankunan da aka fi kashe kifin shak. Haka kuma wani rahoton ƙungiyar TRAFFIC mai sa ido kan cinikin namun daji, na shekarar 2019, ya sanya Najeriya cikin ƙasashe 20 da suka fi kama shak da danginsa a duniya, jerin da Indunusiya da Spaniya da Indiya ke kan gaba. Duk da haka, akasarin abin da ake kamawa a yankin ana rubuta shi ne a dunƙule, ba tare da bambanta nau'i da nau'i ba.

Sana'ar ta bunƙasa ne tun daga shekarun 1970, lokacin da masunta 'yan Ghana da suka zauna a Gambiya suka fara sayen naman shak suna sa masa gishiri suna shanyawa don kai wa kasuwannin ƙasarsu. Daga shekarun 1980 kuma sai cinikin fukafukan kifin zuwa Asiya, inda ake miya da su, ya ninka ribar. Masunta suka riƙa bin kifin daga Senegal zuwa Gini Bisau da Gini da Saliyo, suna matsawa gaba duk lokacin da wani wuri ya ƙare. Hukumar kamun kifi ta ƙasashe bakwai na yankin, mai hedkwata a Dakar, ta amince da shirin kula da kifin shak a shekarar 2001, amma a lokacin ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin sefa na Afirka ta Yamma, a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, ya ga shaidar wannan asara. Tambarin babban bankin da ke kan kuɗin siffar wani kifi ne mai dogon baki kamar zarto, ɗan uwan shak, wadda aka ɗauko daga ma'aunin zinariya na al'ummar Akan. A da ana samun wannan kifi a bakin koguna daga Moritaniya har zuwa Angola. Yanzu ya ɓace daga akasarin wuraren, kuma masana da suka je nemansa a tsibiran Bijagos na Gini Bisau sun dogara ne kan hira da masunta da kuma tsofaffin zartunan da aka adana, domin sanin inda aka daina ganinsa da kuma yaushe.

Akwai kuma abin da ke nuna yawan abin da ba a sani ba tukuna. A gandun Banc d'Arguin na Moritaniya, wanda aka kafa a shekarar 1976 kuma al'ummar Imraguen ne kaɗai aka yarje wa su yi su a cikinsa da jiragen filafilai, masana sun bayyana wani sabon nau'in dangin shak a shekarar 2016, wanda kimiyya ba ta san da shi ba. Daga hannun masunta aka same shi, a wurin da ma'aikatan cibiyar binciken teku ta ƙasar suka shafe sama da shekaru 20 suna rubuta abin da ake saukewa a ƙauyuka.

Kasuwa da ruwa a matsayin wurin bincike

Wannan ne ya sa masana da yawa suka juya daga tsakiyar teku zuwa wuraren da masunta ke sauke kifi. Binciken haɗin gwiwa da masanan Indunusiya da na Ostireliya suka yi a kasuwannin kifi na Indunusiya daga shekarar 2001 zuwa 2006 ya gano sababbin nau'o'i da dama. Masanin nan na Amurka David Ebert, wanda ya raɗa wa gomman nau'o'i suna, ya sami wasunsu ne a tashar masunta ta Daxi da ke Taiwan. A Hong Kong, cibiyar cinikin fukafukai ta duniya, masu bincike sun riƙa sayen ɓarɓashin da 'yan kasuwa ke yankewa, kuma gwajin da aka wallafa a shekarar 2018 ya nuna nau'o'i sama da 70 a cikin cinikin, kimanin kashi ɗaya cikin uku na fuskantar barazana. A Ghana ma, garuruwan masunta irin su Axim da Dixcove da Shama sun zama wuraren da ake tattara irin waɗannan bayanai.

Hanyar na da arha, kuma ba ta buƙatar a kashe kifi saboda bincike. Amma tana da nata rauni. Kifin kan iso babu kai babu fukafukai, masunci ba lallai ne ya faɗi ainihin inda ya kama shi ba, musamman idan ya tsallaka ruwan wata ƙasa, kuma abin da ke kasuwa na nuna abin da raga ta kama ne kawai. Idan mai bincike ya fara biyan kuɗi mai tsoka don samun wani nau'i, yana iya sa a tafi farautarsa. Sama da duka, aikin ya rataya ne kan yarda, domin masuncin da ke zargin cewa mai littafi da ma'auni zai jawo masa dokar hana sana'a, zai sauke kifinsa da dare.

Wata sabuwar dabarar ita ce tace ruwan teku a nemi ɓurɓushin ƙwayoyin halittar da kifi ke bari a inda ya wuce. A tsibirin New Caledonia da ke tekun Pasifik, wani bincike na shekarar 2018 ya nuna cewa samfurin ruwa 22 kacal ya bayyana nau'o'in shak fiye da waɗanda aka gani a dubban nutso da ɗaruruwan kyamarori. Sai dai ruwa ba ya faɗin yawan kifin, ko shekarunsa, ko mace ce ko namiji, kuma ba a iya gane nau'in da ba a taɓa adana samfurinsa a rumbun bayanai ba, wanda kuma nan ne giɓin Afirka ya sake bayyana.

Abin da ke gaba

A shekarar 2022 ƙungiyar IUCN ta ƙaddamar da shirin tantance muhimman wuraren shak a duniya, yanki bayan yanki, domin gwamnatoci su san inda ya kamata su kare. Amma ba a sanya wuri cikin jerin sai da hujja, saboda haka gaɓar da ba a taɓa bincika ba na iya fita daga taswirar ko da kuwa ita ce ta fi buƙatar kariya.

Ga ƙasashen da ke fitar da fukafukai ko naman shak, zaɓin da dokokin CITES suka bari ba shi da yawa. Ko dai su dakatar da cinikin da dubban iyalan masunta ke ci daga gare shi, ko su ba da takardar shaida ba tare da bayanan da za su goyi bayanta ba, ko kuma su zuba jari a kan samun bayanan. Darasin Bimini da na Banc d'Arguin shi ne cewa wurin bincike gina shi ake yi a hankali, kuma abin da ya fi tasiri shi ne a daɗe ana aiki a wuri guda. Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, da cibiyar binciken teku a Legas tun shekarar 1975, da jami'o'i a jihohin gaɓa. Bisa ga dukkan alamu, abin da zai fi saurin cike giɓin a irin waɗannan ƙasashe shi ne horar da ma'aikata 'yan ƙasa waɗanda za su iya bambanta nau'in kifi da nau'i, a kuma ba su albashin da zai sa su kasance a bakin ruwa kowace safiya lokacin da kwale-kwale ke dawowa.